Wa Ya Gan Ka Kana Aiki?



Sharhinmu na yau zai ƙetare teku zuwa Amurka, wajen 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke fafutukar shiga karatun aikin lafiya a can, na unguwar Bronx a birnin New York, da na Greensboro a jihar Karolina ta Arewa inda 'yan Nijar suke da yawa, da sauran garuruwa. Iyayen da ke gida kada ku kashe rediyo, akwai rabonku a maganar, don sau da yawa ku ake fara kira idan yaro ya rasa yadda zai yi.

Akwai wani aiki a asibitocin Amurka da ake kira mataimakin likita, a taƙaice PA. Mai wannan aiki yana duba mara lafiya, ya gano ciwo, ya sa a yi gwaji, ya rubuta magani, ya taya likita a ɗakin tiyata. Masu sauraronmu na Ghana sun san sunan, don su ma suna da mataimakan likita, kuma makarantar Kintampo ta daɗe tana horar da su. A Amurka aikin ya samo asali ne a Jami'ar Duke a shekarar 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead ya ga likitoci sun yi ƙaranci, ya ɗauko tsofaffin ma'aikatan jinya huɗu na sojan ruwa ya fara koyar da su. Uku daga cikinsu suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967, shi ya sa har yau ake bikin ranar mataimakan likita a wannan rana. Yanzu masu lasisin aikin sun haura 170,000, wajen kashi 70 cikin 100 mata ne, makarantun da aka amince da su kuma sun wuce 300. Karatun digiri na biyu ne, yana cin shekara biyu da 'yan watanni.

Ku riƙe wannan tarihi, don shi ne mabuɗin maganarmu. Mutanen nan huɗu an ɗauke su ne saboda abin da hannayensu suka riga suka yi a kan marasa lafiya da masu rauni. Wannan ɗabi'a ba ta bar makarantun ba har gobe. Kafin a karɓi ɗalibi, yawancinsu suna son ya riga ya yi ɗaruruwan sa'o'i yana kula da marasa lafiya da hannunsa, ita Duke sa'a 1,000 take nema. To wa zai tabbatar wa kwamitin ɗaukar ɗalibai cewa sa'o'in nan an yi su da gaskiya da hankali? Takardar sakamako tana nuna maki. Fom yana nuna adadin sa'o'i. Amma yadda mutum yake idan tsohuwa ta yi amai a jikinsa da ƙarfe uku na dare, wannan sai wanda ya gani ya faɗa. Abin da wasiƙar shaida take yi ke nan, kuma a kanta ne na ga yaranmu masu ƙoƙari suna tuntuɓe.

Tuntuɓen farko daga gida muka kai shi. Mun saba cewa takarda tana da nauyi ne gwargwadon girman wanda ya sa hannu. Yaro yana neman gurbi, sai uba ya sa babbar riga ya tafi wajen wani babba a samo masa 'yar takarda ko kati. Don haka idan ɗiyarmu a Amurka ta ce ana neman wasiƙu uku, abin da ke fara zuwa ran uba shi ne: wane babban likita muka sani? Wane farfesa ɗan garinmu ne a can? Sai a buga waya, a haɗa zumunci, a samo mutumin da bai taɓa ganin yarinyar ba sai ranar suna ko ranar sallah.

Alhali muna da wani abu a al'adarmu da ya fi kama da abin da makarantun nan ke so. Ku dubi binciken aure. Idan za ka ba da 'yarka, ba ka zuwa wajen hakimi ka tambayi halin yaron. Maƙwabcinsa kake nema, da wanda suke sahu ɗaya a masallaci, da wanda suke rumfa ɗaya a kasuwa, wanda ya ga fushinsa ya ga yadda yake biyan bashi. Waɗanda suka nemi Jami'ar Musulunci ta Madina ma sun san tazkiyya, wato wasiƙar shaida, sun kuma san wadda ta fi daraja ita ce ta malamin da ka zauna gabansa shekara da shekaru. Gani ya kori ji.

Bari in bayyana yadda abin yake tafiya, don tsarin kansa yana tona asirin wanda bai san ɗalibi ba. Yawancin makarantun suna karɓar takardu ta wata cibiya guda a intanet mai suna CASPA. Ɗalibi ba ya riƙe wasiƙar a hannunsa, ba ya ma ganin ambulan. Sunan mai shaida da adireshin imel ɗinsa kawai zai shigar, cibiyar ta aika wa mutumin saƙo, shi kuma ya shiga ya ɗora wasiƙarsa da kansa. Ana iya neman mutum har biyar, yawancin makarantu uku suke so. Kafin ya ɗora wasiƙar, sai ya amsa tambayoyi: tun yaushe ka san wannan ɗalibi, a wane matsayi, kuma wane irin sani? Sannan ya ba shi maki a kan halaye ɗaya bayan ɗaya. Cika alkawari. Tausayi. Yadda yake karɓar gyara idan an yi masa. Zama da abokan aiki. Warware saɓani. Iya magana da iya rubutu. A gaban kowane hali akwai gurbin da mai shaida zai ce bai taɓa lura da wannan ba. Yanzu ku ɗauki babban likitan nan ɗan garinmu, mutumin kirki mai tsoron Allah. Me zai cika a gurbin karɓar gyara, shi da bai taɓa gyara wa yarinyar komai ba? Ko dai ya faɗi gaskiya ya ce bai gani ba, takarda ta fita fayau, ko ya yi shaci-faɗi. Masu karanta wasiƙun nan kuwa ɗaruruwa suke karantawa a kowace shekara, sun san yabon da babu gani a cikinsa tun daga layin farko.

To wa za a tambaya? Kowace makaranta tana da nata sharaɗi, kuma wajibi ne ɗalibi ya karanta na kowacce tun kafin ya buɗe baki. Wasu suna cewa dole ɗaya ta fito daga mataimakin likita mai aiki. Wasu sun yarda da likita ko babbar nas. Wasu suna son malamin da ya koyar da kai kimiyya. Abin da ya fi yawa dai shi ne a haɗa ɓangare uku: ma'aikacin lafiya da ya ga aikinka, shugaban da kake ƙarƙashinsa a wajen aiki, da malamin aji. Dangi kuwa an cire su gaba ɗaya, ko da kawunka ne shugaban asibiti. Limamin masallacinku ko shugaban ƙungiyar 'yan gari, idan har ka yi aikin sa-kai a ƙarƙashinsa, yana iya zama na huɗu ko na biyar, amma ba zai maye gurbin wanda ya gan ka da safar hannu ba.

Wanda ya yi digirinsa a Zariya ko Kano ko Yamai kafin ya tafi yana iya tunanin malaminsa na gida. Babu laifi idan malamin ya san shi da kyau, yana duba imel, zai kuma rubuta da Turanci. Sai dai makarantu da yawa suna so a yi darussan share fage a Amurka, irin su ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta, saboda haka malamar da ta koyar da kai bara a ƙaramar kwalejin unguwa ta fi kusa da abin da kwamiti ke son ji fiye da farfesan da ya rabu da kai shekara takwas.

Akwai kuma bambanci tsakanin rakiya da aiki. Ɗalibai suna bin mataimakin likita kwana biyu ko uku suna kallon yadda yake yi, abu ne mai kyau, makarantu ma suna so. Amma wanda ka raka ya ga kana tsaye ne a lungu kana rubutu a littafi. Abin da zai iya faɗa bai wuce ka zo a kan lokaci ba, kana da ladabi, kana tambaya. Nas ɗin da kuka yi shekara guda kuna aikin dare tare a gidan kula da tsofaffi, ko shugabanka a motar ɗaukar marasa lafiya, su ne suke da labari. Idan makarantar da kake so ta ce lallai sai mataimakin likita, to ka nemi aiki a inda suke tun da wuri, ko ka tsawaita rakiyar ta zama ta watanni, har mutumin ya san ka sanin gaske.

Yanzu na zo inda na fi so mu daɗe, wato kunya.

Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kada su sa kansu gaba. Yaro ba ya kallon babba ido cikin ido. Ba ya yabon kansa. Ba ya roƙo. Idan malami ya yi tambaya a aji, ko ya san amsa sai ya bari wani ya faɗa. Ni ina alfahari da wannan tarbiyya, kuma na yi imani tana daga cikin abin da ke sa yaranmu su iya jinya, don mai kunya ba ya wulaƙanta tsiraicin mara lafiya, ba ya ɗaga wa tsoho murya. Amma a ajin da ke da ɗalibi ɗari biyu, yarinyar da ke zama a baya, ta ci jarrabawa da maki mai kyau, ta fita shiru, malaminta bai san sunanta ba. Ranar da ta aika masa saƙo tana neman wasiƙa, abin da zai iya rubutawa shi ne ta ɗauki darasinsa ta ci. Wannan kuwa takardar sakamako ta riga ta faɗa.

Malaman jami'a a Amurka suna da sa'o'in da suke ware wa ɗalibai a ofis kowane mako. Ƙofa a buɗe take, zuwa ba rashin kunya ba ne, cikin aikinsu ne da ake biyansu albashi a kai. Haka rubuta wasiƙar shaida. Likitar da kike jin nauyin tambaya, ita ma wani ne ya rubuta mata kafin ta kai inda take, kuma ta san da haka. Ina so ƙannena mata musamman su ji wannan da kyau: neman shaida a kan aikin da kika yi da guminki ba bara ba ce. Ba alfarma kike nema a ba ki abin da ba ki cancanta ba. Cewa kike yi, kin gan ni, ki faɗi abin da kika gani. Ladabinki yana nan, kunyarki tana nan, abin da za ki ƙara kawai shi ne buɗe baki.

Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. In da hali a yi ta baki da baki, a lokacin da mutum ba ya tsakiyar aiki. Kada a tare likita a baranda tana sauri zuwa wajen mara lafiya. A nemi minti goma. Sannan a yi tambayar yadda za ta bar wa mutum hanyar fita. Maimakon ki ce ina so ki rubuta mini wasiƙa, ki ce: zan nemi makarantar mataimakan likita bana, kina ganin kin san aikina sosai har za ki iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi? Kalmar nan mai ƙarfi ita ce gishirin tambayar. Mutane da yawa ba sa iya cewa a'a, mu da mutanen can duka. Sai su amsa, su rubuta layi biyar masu sanyi, ke kuma ba za ki taɓa sani ba. Idan kika ga mutum ya yi jim, ya ce ai bai san ki sosai ba, ko ya ce aiki ya yi masa yawa, to ki gode masa da zuciya ɗaya ki nemi wani. Ya yi miki alheri. Wasiƙa mai sanyi ta fi rashin wasiƙa cutarwa, don ta cinye gurbin da wani zai cika da zafi.

Idan ya amsa, kada a bar shi da wofi. A ba shi taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, da rubutun da ɗalibi ya yi na dalilin son wannan aiki, wanda cibiyar ta ƙayyade shi a harafi 5,000, da ranar da ake so wasiƙar ta shiga. A tuna masa abu biyu ko uku da suka faru a gabansa: daren da ma'aikata suka yi ƙaranci kika riƙe ɓangare guda, ranar da kika yi kuskure kika kai kanki kafin a gano, lokacin da kika yi tafinta tsakanin likita da wata baiwar Allah da ba ta jin Turanci. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi. Yaron da ke jin Hausa da Faransanci da Turanci, ko Hausa da Zabarmanci, yana da abin da asibitocin manyan birane ke nema ido rufe. Amma wajen tunatarwar kada a rubuta sunan mara lafiya ko abin da zai sa a gane shi, dokar sirrin marasa lafiya ta 1996 tana da tsanani, kuma ɗalibin da ya yi sakaci da ita ya ba da mummunar shaida a kan kansa da kansa.

Abu biyu ƙanana da ke ɓata wasiƙa mai kyau. A gaya wa mai rubutu ƙarara cewa makarantar mataimakan likita ce, don wani zai rubuta cewa wannan yarinya za ta zama ƙwararriyar likita, kwamiti kuma ya ɗauka ta zo wajensu ne don ta rasa makarantar likitoci. Sannan kada ya ambaci sunan makaranta ɗaya, saboda wasiƙar guda ce ke zuwa ga duk makarantun da aka nema.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiyar tana buɗe sabon zango a ƙarshen watan Afrilu. Wasu makarantu suna rufe karɓa tun Yuni ko Yuli, wasu sai Satumba, Oktoba ko bayan haka, kuma da yawa suna duba takardu ne yadda suke shigowa, suna cike kujeru tun kafin ranar rufewa. Mai hankali yana yin maganar baki tun Janairu ko Fabrairu, ya shigar da sunaye da zarar an buɗe, ya ba mai rubutu wata guda zuwa biyu. Ya kuma gaya masa ya duba akwatin tarkacen imel, don saƙon cibiyar yakan faɗa can. In mako biyu suka rage ba a ga komai ba, tunatarwa cikin ladabi ba laifi ba ce, likitoci mutane ne masu mantuwa saboda yawan aiki. Wanda bai samu shiga bana ba kuma zai sake nema baɗi, ya sani wasiƙun bara ba sa binsa zuwa sabon zango, sai ya sake tambaya. Kada kunyar faɗuwa ta hana shi komawa wajen mutanen. Da yawa daga masu aikin nan sai a karo na biyu suka shiga.

Akwai wata tambaya a fom ɗin da ke rikita yaranmu. Wata dokar Amurka ta 1974 ta ba ɗalibi haƙƙin ganin takardun da makaranta ta ajiye a kansa, don haka ake tambayarsa ko ya yafe haƙƙin karanta wasiƙar. Zuciya takan ce kada ka yafe, ka san me aka faɗa a kanka. Shawarata ita ce a yafe. Kwamiti ya fi gaskata shaidar da aka bayar a bayan idon mai ita, kamar yadda mu ma a binciken aure ba ma tambayar maƙwabci a gaban yaron. In har kana tsoron abin da mutum zai rubuta, to tun farko ba shi ya kamata ka tambaya ba.

Wani lokaci mai shaida zai ce, ba ni da lokaci, rubuta ka kawo in sa hannu. Mun san wannan a gida, a can ma yana faruwa. Ina roƙon yaranmu su kauce masa. Ka ce masa za ka kawo jerin abubuwan da kuka yi tare don ya samu sauƙi, amma kalmomin su zama nasa. Kwamitin yana riƙe da rubutunka na dalili a hannu ɗaya da wasiƙar a ɗaya hannun, kuma salon mutum ba ya ɓuya. Ko da ba a gane ba, shaida ce aka ce wani ya bayar alhali kai ka ba wa kanka, a kan aikin da gobe za a damƙa maka rayukan mutane.

Ga 'yan uwanmu likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da suka riga suka kafu a Amurka, ku ma akwai naku. Idan aka kawo muku ɗan gari don ku rubuta masa, alherin da ya fi shi ne ku buɗe masa hanyar rakiya ko aiki a inda kuke, ku gan shi wata shida, sannan ku rubuta abin da kuka gani da misalai. Idan ba ku gan shi ba, ku gaya wa iyayensa gaskiya ko da za a ji haushinku kwana biyu. Iyaye kuma, taimakonku shi ne addu'a, da tambayar yaro: su wa kake aiki da su, sun san ka, ka taɓa zama da malaminka? Kada a kai wa mai rubutu kyauta kafin ya rubuta, a can abin zai zame masa abin zargi. Bayan an gama, katin godiya da hannu ya wadatar, sannan ranar da sakamako ya fito, ko an samu ko ba a samu ba, a koma a gaya masa. Mutumin da ya ɓata daren hutunsa yana rubutu a kanki ya cancanci ya ji yadda aka ƙare.

Kai da ke shirin nema a Afrilu mai zuwa, ke da ke saurare a hanyar dawowa daga aikin dare, ku ɗauki takarda yau ku rubuta sunan mutum uku da suka gan ku kuna aiki, waɗanda za su iya ba da labari ɗaya a kanku ba tare da an tuna musu ba. In sunayen sun cika, ku nemi ganinsu cikin wannan wata. In ba su cika ba, ku je ofishin malami a wannan mako, ku gaishe shi, ku faɗi sunanku.